Baƙar Jitar Gidiyon

Ranar da Gidiyon ya shigo ɗakin cin abincin masaƙa da sabuwar jitarsa, Ayuba ajiye cokali ya yi.

Jitar bes ce, irin mai kaurin amo, mai tsirkiya huɗu, baƙa wuluk, duk jikinta tsini kamar da fushi aka sassaƙa ta. A gindinta an zana ƙoƙon kan mutum yana washe haƙora. A gwanjon Sabon Gari ya tsinto ta, mai sayarwar ya rantse masa wani Bature ɗan kiɗan rok ne ya yi ta jibgarta har ya tsufa.

Ayuba ya matso daf da fuskarsa, ya buɗe baki sosai kamar yadda ya saba. "Gidi, mu kantiri muke yi. Kiɗan natsuwa. Wannan ai gatarin shaiɗan ne."

"Bes bes ce," in ji Gidiyon, da muryar nan tasa mai cika ɗaki. "Fentin ne zai yi kiɗan ko ni?"

Su uku ne a ƙungiyar, duk ma'aikatan masaƙa ɗaya a Sharaɗa, duk 'yan Filato, masu son malafar kaboyi da kiɗan kantiri, waƙoƙin kewar gida na Amurka. Ayuba ke rera waƙa. Alheri, 'yar ofishin awo, ita ke kan kibod, wato piyanon lantarki, hannayenta biyu ba sa hutawa. Gidiyon kuwa shi ya kafa ƙungiyar, shekararsa ashirin da biyu a tsakiyar injunan saƙa, kuma bai taɓa yarda ya toshe kunne da auduga ba, wai na ragwaye ne.

Ana girmama shi, ba laifi. A jikin labule ake tsayar da shi, can baya, wai nan ne wurin manya. Ayuba ne ke haɗa masa wayar jita da lasifika, shi ke naɗe ta in an tashi. "Babba kamarka ba ya sunkuyo," haka yake cewa. In Gidiyon ya juya baya kuma sai Alheri ta kwaikwaye shi, ta turo ciki, ta lumshe ido, ta shiga gyaɗa kai tana yaƙushin iska da yatsu biyu, har Ayuba ya ƙware da dariya.

Mako biyu ana ja-in-ja a kan jitar. Ayuba ya ce muryarta za ta yi kaushi. Gidiyon ya ce a sassauta hannu kawai. Ayuba ya ce to tana jan ido, kowa yatsunsa zai zuba wa ido. Gidiyon ya ce da ma abin da yake so ke nan. Kullum in ya koma gida Panshekara sai ya zauna bakin gado da ita, ba lasifika, yana jin katakonta na rawa a cikinsa. Ya ɗaura aniyar ranar Asabar, wajen walimar sallamar tsohon manaja, zai nuna wa duk masaƙar cewa jitar rok tana iya tafiyar doki a hankali, kuma shi ba kayan bayan labule ba ne.

Asabar da la'asar aka kafa rumfa a harabar masaƙa. Waƙa ta farko Gidiyon ya tsaya inda aka ajiye shi. A ta biyu ya ji dandamalin katako yana bugawa a tafin ƙafarsa, dum, dum, a natse, sai ya tako gaba. Wayar doguwa ce, ta biyo shi. Ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Ayuba, ƙoƙon kan nan yana yi wa manyan baƙi dariya.

Gumi ya karyo wa Ayuba. Alheri ta sunkuyar da kai kan kibod, kafaɗunta na girgiza. Jama'a kuwa suka miƙe. Matar manaja ta share hawaye da gefen gyalenta.

Da aka tashi, wani mai farin yadi ya riƙe masa hannu, ya yi magana. Gidiyon ya ce, "Na'am?" Mutumin ya maimaita. Ya sake cewa, "Na'am?" Sai mutumin ya yi murmushi ya rubuta a bayan katinsa: sunansa Ɗayyabu, daga wani otal a Bompai, bai taɓa jin bes mai laushi haka ba, yana son shi a ƙungiyarsu duk Lahadi.

Gidiyon bai jira an watse ba. A gaban masu kwashe kujeru ya ɗaga katin.

"Ayuba, ka gani? Gatarin shaiɗan. Shekara da shekaru ina ɗauke da muryarka ta akuya a bayana, kana ɓoye ni a labule don hassada. Ke kuma Alheri, ki koyi kiɗa, ba shafa faranti ba ne. Na bar muku ƙungiyar. Ku nemi wani."

"Baba Gidiyon, da kun bari tukuna..." in ji Alheri.

Ayuba ya ɗaga mata hannu. Ya matso, ya buɗe baki sosai, ya rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Allah ya ba da sa'a, Gidi. Wayar ma na bar maka. Yau naɗe abarka da kanka."

Gidiyon ya sunkuya yana naɗewa a gwiwar hannu, yana bin ta. Ta ratsa dandamali. Ta wuce gaban lasifika ba ta tsaya ba. Ta zagaya bayan labule, ta ƙare a ƙafar teburin kibod, a ƙulle tam. Bakinta ba kai, an liƙe shi da salatif da ya daɗe har ya koɗe.

Ya ɗago ya ga bakuna a buɗe, haƙora a waje, bai ji komai ba. Shekara uku ke nan, tun da injunan saƙa suka cinye masa kunne, hannun hagun Alheri ke kaɗa masa bes a kan kibod.