Mai Miyar Shagon Nenita

Wani baƙo a shagon abincin Lolit ya ture kwanon da ta zuba masa, ya nuna tsallaken titi. "Manang, yayata, a shagon Nenita na sha miyar tsamiya jiya. Duk garin Iloilo babu irinta."

Kishi ya turnuƙe Lolit. Nenitar da ko shinkafa ba ta iya dafawa ba, ita ta kwashe mata masu ciniki?

Lolit ta tsallaka, ta zagaya bayan shagon Nenita don ta ga wanda ke girkin. Ta yaye labule, sai ga mahaifiyarta tsaye a kan tukunya tana zuba kifi.

"Nanay! Ke ce?"

Tsohuwar ko juyowa ba ta yi ba. "Ba ke kika ce na tsufa, in bar miki murhu in huta ba? To, a nan nake hutawa."