Albarkacin Shukar Manaja

Ranar da aka kwashe jarkokin bilic, sinadarin goge-goge mai kaifin wari, daga ɗakin ajiya, ta zaci kukanta aka ji. Shekaru tana goge ofisoshin wani bene a unguwar Manhattan da ruwan da ke tsattsaga mata hannu, yana raka ta da tari har gidanta a Harlem. Duk sanda ta yi ƙorafi, sai a ba ta sabuwar safar hannu da murmushi.

Yanzu ga sabon sabulu mai hoton ganye a jikin kwalba, ba ya shaƙe maƙogwaro. Tarin ya lafa.

Ta je yi wa shugaban masu shara godiya, wani dattijo ɗan Kumasi.

"Hajiya, ba ni za ki gode wa ba," in ji shi, yana nuna wata shuka cikin tukunya a ofishin manaja. "Ganyenta ne ya fara bushewa. Aka ce warin bilic ya yi mata yawa."

Tun daga ranar, kullum da safe sai ta fara ba shukar ruwa, ta ɗan rusuna.

"Ranki ya daɗe. Allah ya bar mana ke."