Awarwaron Ƙidaya

Tun da injin gurzar auduga ya tsaya, mutanen Tashar Gurza suke ta watsewa. Sai aka kafa doka: duk garin da mutanensa suka gaza dubu, za a yanke masa ruwa, a kwashe sauran zuwa birni. Kowa na sanye da awarwaron ƙidaya. In ya wuni bai ji ɗumin jiki ba, sai ya sanar cewa mai shi ya mutu.

Da hantsi, bayan an kai mahaifinta makwanci, Lantana ta kai awarwaronsa ofishin Kansila Barau.

"Baba Kansila, na kawo na Baba a soke."

Ya tashi ya tura ƙofa. "Allah ya jiƙansa. 'Yata, mu nawa ne a garin nan?"

"Dubu da huɗu."

"Ko ɗari bakwai ba mu kai ba."

Ya naɗe hannun rigarsa. Awarwaro ne jere har gwiwar hannu. Lantana ta matsa ta karanta sunayen da ke jikinsu. Ga sunan ungozomar da ta yanke mata cibiya, ga na ladanin da ya rasu bara.

"Innalillahi! Na matattu kuke sawa?"

"Mahaifinki tara ya ɗauka, a ƙafa. Masu wankan gawa suka kawo min ɗazu." Ya zube su a kan tebur. "Ni kam ba ni da sauran wuri."

Na saman, sunan mahaifiyarta ne a jiki, wadda ta shekara bakwai a ƙasa.

 Lantana ta miƙa hannu.

"Fara sa min na Inna."