Ƙwayoyin Asiya

Mato ya maka kwalin ƙwayoyin a kan teburin Malama Zinnira, har kwalbar zuma ta girgiza. Matarsa Asiya tana tsaye a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da kansa ya ɗauko ta daga Mainika, don a yi ta ta ƙare a gabanta.

Malama Zinnira ma'aikaciyar lafiya ce mai ɗan asibiti a Gwarzo. Tana ba da zuma da habbatus sauda da man zaitun, in ciwo ya fi ƙarfinsu ta haɗa da maganin likita. Saboda zumar Mato ya yarda Asiya ta riƙa zuwa bayan rasuwar Zulkifli, ɗansu tilo, wanda mota ta buge a kan babur a hanyar Kabo. Ba wanda ya ce masa har da ƙwaya.

Jiya ya tsinci kwalin a ƙasan tukunyar gero. Ya kai wa mai kemis na bakin kasuwa, shi kuwa ya karanta da ƙarfi cewa maganin ciwon damuwa ne. Kafin la'asar magana ta zaga gari: matar Mato ta taɓu.

Dama tun rasuwar komai haushi yake ba shi. Masu gaisuwa sun ishe shi. Wani mara tsoron Allah ya kwashe masa maganin feshin gona kaf daga zaure. Ko kunun safe Asiya ta daina iyawa, kullum da ɗaci-ɗaci, sai ta labta zuma. Sai 'yan makonnin nan ya fara samun barci, ya koma jam'i, har ya gyara dangar da ta faɗi tun bara. Yanzu da ya fara ɗagowa ne za a zubar masa da mutunci.

"Wa ya ba ki izini?" ya daka mata tsawa. "Na turo miki mace mai jimami, kin mayar min da ita abin nuni a gari! Uwa ta rasa ɗa, ba za ta yi kuka ba? Daga yau an daina!"

"Baba, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba!"

Malama Zinnira ta dubi Asiya. "Inna, in faɗa masa?"

Asiya ta gyaɗa kai.

"Baba, jimami daban, wannan daban. Ta ce min wata da watanni ba barci, ba cin kirki. Ta ce takan wuni a gaban ɓallallen babur ɗin nan, kowa ya yi mata magana ta hau shi da faɗa. Da a nan ta tsaya, wallahi da zuma da addu'a zan bar ta. Amma ta ce wata rana da rani tsaka, ba shuka ba feshi, ta jefa kwalbar maganin feshi a aljihu ta tafi gona ita kaɗai. Sai magariba ta dawo, murfin a kwance. In ka yanke maganin nan yau, ina tsoron a koma gonar nan, kuma ba ni da tabbas za a dawo."

Mato ya buɗe baki zai ce ƙarya ne. Tun da ya auri Asiya ba ta taɓa taka gonar nan ba, ko hanyar ba ta sani ba. Sai ya tuna wanda ya tafi gonar ran nan.

Ya juya. Asiya ta sauke mayafin. Idanunta sun yi ja, kuma ba kunya a cikinsu, fushi ne zalla.

"Na rasa ɗa, Malam, ba zan ƙara da takaba ba," ta ce. "Da na roƙe ka ka zo, cewa ka yi kai ba mahaukaci ba ne. To, ni nake zuwa in faɗi ciwon, kai kake shanye maganin a kunu."