Kukan Uwar Ɗan Fari

Ran Juma'ar da ke kafin Ista, da la'asar, ni da Mama muna kallon fim ɗin gicciye Yesu a ɗakinmu na haya a Dutsin-Ma, sai Hajiya mai gidan ta yi sallama da kwanon dambu. Mu kaɗai ne Kiristoci a layin. Ina aji huɗu, ina ganin mutuncin addininmu kaf a wuyana yake.

An zo daidai inda aka tuɓe shi, daga shi sai ɗan ƙyalle. Waƙoƙinmu na coci sun sha zancen jini da ƙaya, amma ba wadda ta gargaɗe ni cewa babu riga. Na zabura na tare talabijin, wai ina gyara eriya, alhali kaset ne.

"Matsa, 'yar nan," in ji Hajiya. "Ba shi nake kallo ba."

Ta nuna matar da ke kuka a gindin gicciyen. "Malama, uwarsa ce?"

Mama ta ce ita ce.

"Ɗan fari?"

"Ɗan fari, Hajiya."

"Shi ne take kuka haka a bainar jama'a, ba mai cewa ba ta da kara?" Ta ajiye kwanon. "Ta more. Ni da nawa ya rasu a Kurfi, tabarma na wuni ina shimfiɗa wa 'yan gaisuwa."

Ta zauna kusa da Mama, ta ja mayafi ta rufe fuska. Har yau in na tuna wadda na tashi tare wa kallo, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.