Zoben da Ya Cire a Ƙofa

Da idonta Amarya ta gani. Mijinta ya zare zoben azurfar da ta saka masa, ya miƙa wa wata budurwa a ƙofar masana'antar da yake aiki. Har da murmushi!

Dama tun da ya fara dawowa da zoben a wani yatsa daban barci ya ƙaurace mata, shi ya sa yau ta biyo sawunsa. Ta tsallaka titi ko motoci ba ta duba ba.

"Baiwar Allah, ba ni zoben mijina!"

Budurwar ta buɗe akwatin da ke gabanta. Zobba ne fal, da agoguna. "Wanne ne naki, Yaya?"

Amarya ta yi sororo.

Budurwar ta ce, "Ba mai shiga wajen injina da zobe. Ni na matsa wa manaja har ya kafa dokar." Ta ɗaga hannun hagunta. Yatsa ɗaya babu. "Nawa zoben inji ya kama. Ɗauki naki in kina so. Ni dai burina mijinki ya koma miki da yatsunsa cif."