Ƙarfen Hanga a Gurbin Fis

Kai da kake cewa ƙidayar bolt da amfiya surutun 'yan boko ne, ajiye wayar wutar nan da ke hannunka ka saurara.

An yi wani mai wanki da guga a bakin kasuwa, gwani na gaske, in ya sa wa shadda sitaci ya goge sai ka rantse yau aka ɗinka ta. Da dutsen guga ɗaya na lantarki ya fara, kasuwa ta buɗe ya ƙara na biyu. Da Sallah ta matso, kayan mutane suka yi tsibi har rufi, sai ya sayo na uku, ya ɗauki magidanta biyu su taya shi. Duka ukun ya jona su a waya guda, siririya, wadda tun asali don ƙwan fitila da fanka aka ja ta. Ranar farko fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone sau huɗu. Ya zagi fis, ya zagi wanda ya sayar masa, sannan ya kira wani dattijo mai gyaran wuta. Dattijon ya auna da mitarsa: wutar shagon bolt ɗari biyu da ashirin ce, kowane dutse yana jan amfiya biyar. Ya ɗauki sukundireba ya karce lissafin a jikin bango don mai shago ya gani da idonsa. Ɗari biyu da ashirin sau biyar, wat dubu da ɗari ɗaya, wutar da dutse ɗaya ke ci ke nan. Ɗari biyu da ashirin a raba biyar, om arba'in da huɗu, turjiyar dutsen ke nan, wato yadda yake tare wa wuta hanya. In an jona uku an buɗe mata hanya uku, turjiya ta faɗo ƙasa da om sha biyar, wuta ta kwararo amfiya sha biyar. Wayar kuwa goma ce iyakar abin da za ta ɗauka. Dattijon ya rubuta 15 da girma, ya ja layi a ƙarƙashi, ya ce, "Fis bai yi maka laifi ba, shi ke mutuwa a madadin shagonka. Ko ka ja waya mai kauri, ko ka ajiye dutse ɗaya."

Mai guga ya ji kamar an mare shi. Shekara ashirin yana sana'a, yau wani zai zo ya ɓata masa bango da lambobi don kawai ya sayar masa da waya? Ya sallami dattijon ko ruwa bai ba shi ba. Ya ciro hangar ƙarfe daga cikin na rataye kaya, ya yanki guntu da filaya, ya cusa a gurbin fis. Wuta ta kawo, ba ta sake ɗaukewa ba. Ya yi ta yi wa maƙwabta burga wai ya yi maganin abin da mai mita ya kasa. Wallahi wannan ne ke ƙona mini rai: ya kori mai gadi don yana ihun ɓarawo, kuma yana ganin dabara ya yi.

Ana gobe jajibere, da rana tsaka, duwatsun nan uku suna aiki tun safe, ya ji ƙauri. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba ko riga ce ta ƙone, bai ga komai ba, ya ci gaba da guga. Bai ɗaga kai sama ba, inda wayar ta bi ta cikin silin tana narkewa a kan rigunan da ya jera cikin leda. Gobara ta tashi, kafin a kawo bokitin ruwa na biyu rufin ya rufta. Da rai suka fita, shi ke nan. Babbar rigar wani ango, lesin wata hajiya, kayan Sallar gida wajen arba'in, amanar mutane duk ta zama toka, ko hula ɗaya bai tsira da ita ba. Masu kaya suka taru suna tambayar abin da za su sa ranar Idi, shi kuwa ya kasa haɗa ido da kowa, ya juya musu baya. Bangon kaɗai ya rage a tsaye, ya yi baƙi ƙirin, amma karcen sukundireba na nan fes, 15 da layi a ƙarƙashinta.

To, jeka ka auna kafin ka jona. Hausawa sun ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.